Dala'ilun Shehu Jazuli: wane bugu ya kamata mai karatu ya saya?

Duk shagon littattafan addini da mutum ya shiga, tun daga layin masu littattafai na kasuwar Kurmi a Kano har zuwa tabarmin da ake shimfiɗawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, da wuya ya rasa Dala'ilu, littafin salati ga Annabi (SAW) na Shehu Jazuli. Ga na aljihu wanda bai fi tafin hannu ba, ga matsakaici mai ruwan zinare a bango, ga babba na rubutun hannu irin wanda dattawa ke ɗorawa a cinya bayan sallar Asuba. Yawancin masu saye bango suke kallo. Wanda ya fi ƙyalli shi ake ɗauka, a biya, a kama hanya. Bayan wata biyu ko uku sai warƙoƙi su fara zamewa, ko kuma a zauren karatu a ji mutum ya tsallake layi guda cur, a gyara masa, ya duba takardarsa ya ga layin babu shi sam.

Dala'ilu littafi ne na baki. Kullum ake buɗe shi, sau da yawa da murya, sau da yawa cikin jama'a, kuma shekara da shekaru. Saboda haka da ma'auni ɗaya muka auna bugogin da ke kasuwa: shin bugun yana barin mai karatu ya karanta daidai, ba tare da ido ya wahala ba, kuma zai jure buɗewar kullum?

Kafin mu shiga takarda da tawada, akwai giɓin da kusan duk bugogin suka bari. Tarihin mawallafin ko dai babu shi, ko kuma rabin shafi ne da aka kwafa daga wani bugun. Mutum sai ya yi shekara ashirin yana karanta littafin bai san ko a wace ƙasa mai shi ya rayu ba. Sunansa Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Sulaimanu al-Jazuli as-Simlali. Mutumin yankin Sus ne a kudancin Maroko, daga Simlala, wani reshe na ƙabilar Jazula, kuma marubuta tarihinsa sun kai nasabarsa ga Sayyidina Hasan ɗan Ali. Ya yi karatu a birnin Fas, ya zauna a makarantar Saffarin da ke dandalin maƙeran tagulla, daf da masallacin Ƙarawiyyin. Sarakunan Banu Marin, masu mulkin Maroko a lokacin, su ne suka gina makarantar a 1271, kuma har yau ana nuna ɗakin da aka ce nan ya zauna. Fiƙihun Malikiyya ya fara ƙwarewa a kai, littafin Mudawwana da Muhtasar na Ibnul Hajib. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe shi da kyau: mutumin da ya tara salatan nan malamin fiƙihu ne tun kafin a san shi da waliyyantaka.

Ana ba da labarin cewa a makarantar yana da wani ɗaki da ba ya barin kowa ya shiga. Aka kai ƙara wurin mahaifinsa cewa wataƙila dukiya yake ɓoyewa. Da aka buɗe ɗakin, abin da aka tarar shi ne kalmar mutuwa an rubuta ta a bango ko'ina. Labarin da ya fi wannan yaɗuwa, wanda bugogi da yawa ke sakawa a gaba, shi ne na rijiya. Lokacin salla ya yi, ya iso rijiya babu guga, sai wata yarinya ta hango shi, ta tofa yawu a ciki, ruwa ya taso har baki. Ya tambaye ta da me ta kai wannan matsayi, ta ce da yawan salati ga wanda namun daji ke bin sa in yana tafiya a jeji. Nan ya yi alkawarin zai wallafa littafi a kan salati. Labaran karama ne da almajirai suka ruwaito, kuma haka ya kamata bugu ya gabatar da su. An kuma ruwaito cewa daga littattafan ma'ajiyar Ƙarawiyyin ya tattaro salatan.

Ɗariƙar Shaziliyya, ta Shehu Abul Hasan ash-Shazili wanda ya rasu a 1258, ya karɓe ta ne daga Shehu Muhammadu Amgar as-Sagir na ribaɗin Tit, wato zawiyar da ke Tit, kusa da Azammur a gaɓar tekun Atalantika. Ya shiga halwa shekara 14. Da ya fito ya zauna a garin Asafi, jama'a suka yi ta tuba a hannunsa, har marubuta tarihinsa suka ƙirga masa almajirai sama da 12,000. Zamanin kuwa ba na kwanciyar hankali ba ne. Turawan Fotugal sun ƙwace birnin Sabta (Ceuta) tun 1415 kuma suna ta matso gaɓar teku, mulkin Banu Marin yana tangal-tangal. Taron da ya yi wa Shehu yawa ya tsorata mai mulkin Asafi, ya fitar da shi daga garin. Ya koma Afugal, can ya ci gaba da tarbiyya har ya rasu yana sujada a sallar Asuba, ranar 16 ga Rabi'ul Awwal 870 ta Hijira, wato 1465, kuma an ce guba aka sa masa. A shekarar nan ce mulkin Banu Marin ya faɗi a Fas.

Gawarsa ma ba ta huta nan da nan ba. Wani daga cikin mabiyansa, Umar as-Sayyaf, ya ɗauke ta cikin akwati yana yawo da ita fagen yaƙi kusan shekara 20 da sunan neman fansa. Daga baya Ahmad al-A'araj, sarkin daular Sa'adiyawa ta Maroko, ya mai da ita Marakish, unguwar Riyadul Arus, inda zawiyarsa take a yau. A nan mai saye zai ga saɓani tsakanin bugogi: da yawa suna cewa bayan shekara 77 aka yi wannan ƙaura kuma aka tarar da jikinsa bai canja ba, alhali masana tarihin daular suna sanya ta wajen 1524. Shehu Jazuli yana cikin mazaje bakwai, wato waliyyai bakwai na Marakish da ake kai wa ziyara, tare da Alƙali Iyal mai Ashafa, littafin da ake karantawa a masallatanmu da azumi, da almajirinsa Abdul'aziz at-Tabba'u wanda ya rasu a 1508, da almajirin almajirinsa Abdullahi al-Gazwani.

Tarbiyyarsa daga tuba take farawa. Wanda ya zo shiga hannunsa ana aske masa kai, alamar ya bar tsohuwar rayuwa, sannan a ɗora shi a kan kiyaye farillai, da lazimtar zikiri, da zama ƙarƙashin shehi mai ilimi. Ya bar wa almajirai Hizbul Falahi da Hizbu Subhanad Da'imi da wata 'yar gajeriyar aƙida. Amma ƙofar da ya fi buɗewa ita ce salati, kuma a muƙaddimar Dala'ilu ya faɗi dalilinsa a sarari: salati yana cikin mafi muhimmancin abubuwa ga mai neman kusanci da Ubangiji, kuma ya cire isnadai, wato jerin sunayen maruwaita, domin haddar ta yi wa mai karatu sauƙi. Cikakken sunan da ya sa wa littafin shi ne Dala'ilul Khairati wa Shawariƙul Anwari fi Zikris Salati alan Nabiyyil Mukhtari.

Wanda ya karanta da hankali zai ga karantarwar Shehu a cikin addu'o'in kansu. A hizbin farko, wato kashi na farko na salatan, bawa yana cewa ya yi imani da Annabi (SAW) bai gan shi ba, yana roƙon kada a hana shi ganinsa a Aljanna, a kashe shi a kan addininsa, a shayar da shi daga tafkinsa shan da babu ƙishi bayansa. A farkon rubu'i na biyu na littafin, bayan yabon Allah a kan haƙurinsa duk da saninsa da afuwarsa duk da ikonsa, sai neman tsari daga talauci in ba zuwa gare Shi ba, daga ƙasƙanci in ba gare Shi ba, daga tsoro in ba tsoronSa ba. Sufancin Jazuli ke nan a jimla uku. Sai kuma ƙidayar da ta cika rabin littafin na biyu: salati adadin ganyen itatuwa, adadin ɗigon ruwan sama, adadin yashi, adadin dabbobin tudu da na ruwa, adadin numfashin halitta, tun ranar da aka halicci duniya har ranar tashin ƙiyama, a kowace rana sau dubu. Mai karanta wannan kullum sai ya wayi gari duk abin da idonsa ya sauka a kai, ko yayyafi ne ko ganyen darbejiya, yana tuna masa da salati. Muna ganin wannan ce babbar hikimar littafin, kuma ita ce ta sa Ƙadirawa da Tijjanawa da waɗanda ba su da ɗariƙa duk suka riƙe shi, kusa da Ishiriniya da Burda.

Cikakken kwafi yana da sassa shida a jere. Muƙaddima, wadda ke farawa da godiya ga Allah da ya shiryar da mu zuwa imani da Musulunci. Faslin falalar salati, wanda ke buɗewa da aya ta 56 ta Suratul Ahzab. Sunayen Annabi (SAW) guda 201. Siffar Rauda, wato wurin da kabarin Annabi (SAW) yake, da zanenta. Faslin yadda ake salati, wanda shi ne gangar jikin littafin, an raba shi hizbi takwas. Sai addu'ar rufewa. Abin da ya wuce wannan ƙarin masu bugu ne: niyya da istigfari da Asma'ul Husna a gaba, a baya kuma Burda, Munfarija, salatin Ibnu Mashish, Hizbul Bahri da 'yan uwansa. Ƙarin alheri ne, ba mu ƙi shi ba. Laifin da muka gani shi ne bugogi da yawa ba sa raba maganar Shehu da ƙarin, ko da da layi ɗaya, har mai karatu ya ɗauka duka daga alƙalaminsa suka fito.

Ma'aunin ingancin nassi shi ne kwafin da malamai ke kira Nuskhatus Sahliyya, na almajirinsa Muhammadus Sagir as-Sahli, wanda Shehu ya gyara da hannunsa a shekara ta 862, shekara takwas kafin rasuwarsa. Muhammadul Mahdi al-Fasi, wanda ya rasu a 1698, a kansa ya dogara a sharhinsa Maɗali'ul Masarrati, yana bin kalma-kalma yana nuna inda kwafe-kwafe suka saɓa. Rubuta a bango cewa an gwada bugu da Sahliyya abu ne mai sauƙi. Mai son tabbatarwa ya duba gefen shafi. Bugun da aka yi masa wannan aiki da gaske za a ga ƙananan kalmomi a gefe ko a ƙasa, da alamar harafin kha, suna nuna cewa a wani kwafin ga yadda kalmar ta zo. In an duba shafi ashirin babu ko ɗaya, to maganar bangon ba ta da shaida.

Nau'i na farko cikin bugogin da muka auna shi ne na gida, na rubutun hannu. Wani gwani ne ya rubuta da alƙalami da tawada, maɗaba'a ta ɗauki hoton rubutun ta buga. Haruffa manya ne, masu kauri, layuka kaɗan a shafi, ayoyin ciki kuma bisa Warshu. Ga wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo, da dattijon da idonsa ya fara rauni, da mai karatu da hasken fitila, babu kamarsa. Ido ba ya ɓata a layi, kuma hadda ta fi zama da shi domin kowane shafi yana da kamanninsa. Matsalarsa daga maɗaba'a take. Ana buga sabo ne daga hoton tsohon bugu, shi ma daga hoton wani tsohon, kuma kowane zagaye tawada tana ƙara kumbura. Ɗigo biyu su haɗe su zama ɗaya, cikin mim da wau ya toshe, shadda ta koma tabo. Inda gwanin ya yi wasali da jar tawada kuma aka buga da baƙi kaɗai, wasalin yakan fito siriri ko ya ɓace. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne yanka. Marubuci in ya manta kalma, yakan sa 'yar alama a layin ya rubuta kalmar a gefe. Injin yanka in ya shiga ciki da rabin santimita sai ya tafi da gyaran, alamar ta rage babu abin da take nunawa. Takardar ma sau da yawa irin ta jarida ce, tana jan danshi, kuma in da ƙusar waya aka haɗa ta, damina ɗaya ta isa ta yi tsatsa ta ci tsakiyar littafin.

Na biyu shi ne bugun waje mai rubutun Gabas, na Misra da Lebanon da Siriya da Turkiyya, yawanci girman santimita 14 da 20 ko 17 da 24. A takarda da ɗinki ya fi na gida nesa ba kusa ba. Wasali a bayyane yake, kowane hizbi da kansa a rubuce, wasu har da alamar tsayawa tsakanin salati da salati, wadda ke taimaka wa masu karatun jama'a su ja numfashi wuri ɗaya. Ga ɗan Islamiyya da wanda ya saba da Hafsu, wannan muke ba da shawara. Amma a kula da fa da ƙaf. A rubutunmu na allo fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, a ƙarshen kalma ma sau da yawa ba a sa musu ɗigo. A rubutun Gabas ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf ɗigo biyu gare ta. Wanda ya sauya daga wannan rubutu zuwa wancan ba tare da an nuna masa ba zai yi ta musanya su. Kalmar khalƙika, halittarka, tana maimaituwa a littafin ba adadi. Ɗan Islamiyya in ya ɗauki bugun gida zai iya karanta ta khalfika, wato bayanka, ma'ana ta lalace gaba ɗaya. Bugun Indiya da Pakistan kuma yana da nasa alamomin, kamar rufu'a a kife da kisira a tsaye, waɗanda ke nufin jan murya, kuma wanda bai san su ba zai gajarta inda ake ja.

Wani aibin bugun waje shi ne ado ya yi yawa. Akan zagaye shafi da faffaɗan zane mai launi huɗu, a matse rubutun a tsakiya, har littafi mai girman faranti ya zo da haruffan na aljihu. Takarda mai sheƙi kuma tana mai da hasken ƙwan lantarki cikin ido. Takarda mai ruwan madara, marar sheƙi, mai nauyin giram 70 ko sama, ita ce ta fi daɗin karatu, kuma rubutun bayan shafi ba ya leƙowa. Inda aka buga sunan Allah da na Annabi (SAW) da ja, a duba ko jan ya zauna a gurbinsa. In farantin buga jan launi ya goce, sunan yakan hau kan kalmar da ke kusa.

Zanen Rauda ma abin dubawa ne. Nassin littafin, bisa ruwayar Urwatu ɗan Zubairu, ya ce an binne Sayyidina Abubakar a bayan Annabi (SAW), Sayyidina Umar kuma wajen ƙafafun Abubakar, sannan gefen gabas akwai gurbin kabari guda da ya rage. Tsofaffin kwafin Magrib sukan zana kaburburan uku a shafi ɗaya, mumbari a shafin da ke fuskantarsa. Na ƙasar Turkawa suka koma zana Makka da Madina. Da yake akwai wasu ruwayoyin a kan jerin kaburburan, wani bugun yakan ɗauko zanen da bai dace da nassin da ke ƙarƙashinsa ba, wani kuma ya cire zanen ya sa hoton koren ƙubba. Shehu ya sa siffar nan ne domin mai salati ya halarto da wurin a zuciyarsa kafin ya fara, don haka bugun da zanensa ya bi nassi ya fi.

Na aljihu, mai kamar santimita 8 da 12, na matafiyi ne da wanda ya riga ya kusa haddacewa. Bai dace da mai koyo ba, domin a wannan ƙanƙanta fataha da rufu'a kusan kama ɗaya suke. Yawancinsa da gam aka manne shi, babu zare. Zafin jiki da gumi suna tausasa gam ɗin, hunturu ya busar da shi ya tsage. Mai ɗauke da shi ya sa shi a aljihun ƙirji, kada ya zauna a kansa, kuma ya tuna ya cire shi kafin ya shiga ban ɗaki. Manhajojin waya kuwa amfaninsu na sauti ne: mutum ya saurari mai karatu nagari ya gyara bakinsa. Rubutun cikinsu galibi ba a san wanda ya buga shi ko ya duba shi ba, wasali yana faɗuwa, talla tana faɗowa tsakiyar salati, saƙo na shigowa.

Akwai abu guda da ke rikita zauren karatu fiye da kowane, wato kalmar sayyidina. A salatan da aka ruwaito da lafazinsu, kwafe-kwafe da yawa sun kawo sunan Annabi (SAW) babu ita, wasu bugogin kuma sun ƙara ta ko'ina don ladabi, wasu a tsakanin baka biyu, wasu a cikin layi kai tsaye. Kowanne yana da malaman da suka tsaya masa. Amma mutum ashirin in suna karatu da bugu iri huɗu, murya ba za ta taɓa haɗuwa ba. Jama'ar da ke karatu tare su haɗa kuɗi su sayi bugu ɗaya, daga kwali ɗaya in da hali, sannan malaminsu ya bi kwafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, a kwafe gyaransa a sauran.

Minti biyar a shago sun isa a gane mai kyau. A buɗe littafin a tsakiya a kwantar da shi a tafin hannu. In ya kwanta kuma an ga zare a tsagin, ɗinki ne. In yana ƙoƙarin rufe kansa, ko an ji ƙara kamar karyewar ƙuli-ƙuli, gam ne. Daga nan a bi lambar shafi. Ana buga littafi ne damƙa-damƙa, galibi shafi 16 kowace damƙa, don haka kuskuren haɗawa a mahaɗa yake fitowa: a duba 16 da 17, 32 da 33, 48 da 49, har ƙarshe. Damƙa ɗaya takan zo sau biyu wata ta ɓace. Sannan a ƙirga kawunan hizbi, su cika takwas. Na Talata yana farawa da roƙon alherin abin da Allah ya sani da neman tsari daga sharrinsa. Na Laraba da salati ga ruhin Annabi (SAW) cikin rayuka, da jikinsa cikin jikkuna, da kabarinsa cikin kaburbura. Na Juma'a da roƙon Allah da sunayen da Annabi Adamu ya roƙe Shi da su.

Wannan wuri na ƙarshe a tsaya a kansa sosai, domin nan ne marubuta da masu buga na'ura suka fi tuntuɓe. Jimla ɗaya ce ke maimaituwa, sunan annabi kawai ke sauyawa, Nuhu, Hudu, Ibrahim, Salihu, Yunusa, Ayuba, har a iso Armiya'u da Sha'aya'u da Ilyasu da Alyasa'u. Ido in ya ɗaga daga layi ya dawo, sai ya sauka a jimla ta gaba mai kama da ita, annabi guda ya faɗi. Jerin kuma ya zo sau biyu a littafin da ɗan bambanci, wani mai bugun sai ya kwafe na farko ya liƙa a wuri na biyu. Haka abin yake a salatan da ke ƙarewa da fi kulli yaumin alfa marra. Mai saye ya tafi da tsohon kwafin da malaminsa ya amince da shi, ya gwada waɗannan shafuka layi da layi. Sunayen Annabi (SAW) ma a duba ƙarshensu, su sauka a Izzul Arabi da Sahibul Faraji. Bugun da ya sa wa sunayen lamba ya sauƙaƙa aiki.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa game da faslin falala ita ce hadisan cikinsa ba darajarsu ɗaya ba. Akwai ingantattu, kamar hadisin Muslim cewa wanda ya yi wa Annabi (SAW) salati ɗaya Allah zai yi masa goma. Akwai masu rauni, akwai kuma waɗanda malaman hadisi suka ce ba su sami asalinsu ba. Shehu da kansa ya ce ya cire isnadai, don haka aikin mai bugu ne ya nuna matsayin kowanne a ƙasan shafi. Kaɗan ne suka yi haka, kuma su muka fi daraja wa. Mai wa'azi kada ya ɗauki hadisi daga faslin nan ya hau mumbari da shi sai ya bincika. Akwai kuma lafuzzan da malamai suka yi saɓani a kansu tun da daɗewa, kamar roƙon a yi salati har babu abin da ya rage na salati. Masu suka suna cewa rahamar Allah ba ta ƙarewa, masu sharhi suna cewa salon kai matuƙa ne irin na Larabawa. Wanda zai lazimci littafin ya zauna gaban malami ya ji fassarar irin waɗannan wurare, ya karɓi izini, kafin ya kama karatu shi kaɗai. A nan ne kuma zai ji cewa salatin da aka jingina wa Sayyidina Ali a hizbin farko yana ɗauke da lafazin al-fatihi lima ugliƙa wal khatimi lima sabaƙa, kuma Salatin Tunjina da mutane ke karantawa lokacin tsanani yana cikin littafin.

Hukuncinmu shi ne, ɗan allo da dattijo su nemi bugun gida, amma tsohon bugu mai tsabta wanda gefensa bai yanku ba, ko da na hannu ne. Ɗan Islamiyya ya nemi bugun waje matsakaici, mai ɗinki, mai takarda marar sheƙi, wanda ya nuna saɓanin kwafe-kwafe. Na aljihu ya zama na biyu, ba na farko ba.

Game da rabon karatu, inda sababbi ke ruɗewa shi ne Litinin, domin hizbi takwas ne kwanaki bakwai. Ana farawa ranar Litinin da hizbi na ɗaya, a bi kwanaki har Lahadi da na bakwai. Litinin ta gaba a karanta na takwas, wanda gajere ne, da addu'ar rufewa, sannan a koma na ɗaya a ranar. Wanda ya bar na ɗaya sai Talata, duk kwanakinsa za su goce daga abin da aka rubuta a kan shafi. Hizbi guda yana cin kamar minti goma zuwa sha biyar a karatun natsuwa, sauka gaba ɗaya kuma tsakanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Alamomin rabi da sulusi da rubu'i da ke faɗowa a tsakiyar hizbi na masu saukewa ne a kwana biyu, ko uku, ko huɗu. Mai bin kwanakin mako ba ya tsayawa a kansu.

Littafin da ake buɗewa kullum daga kusurwar ƙasa yake fara mutuwa, inda ake lasar yatsa a juya warƙa. A juya daga sama da busasshen hannu, kuma a bari ruwan alwala ya bushe tukuna. Warƙar da ta yage kada a manna mata salatif, domin yana yin rawaya ya ɗaga tawada. Siririyar farar takarda da ɗan farin gam a gefen da babu rubutu ta fi. Bugun gida in an saya, a cire ƙusoshin wayar tun ba su yi tsatsa ba, a kai wa mai ɗinkin littattafai ya ɗinke da zare, dukawa su yi masa bangon fata ko gafaka. Da damina kada a bar shi jingine da bangon ɗaki ko a ƙasan akwati, inda danshi da gara suke. Wanda kuma ya gaji tsohon Dala'ilu na hannu, mai warƙoƙi a sake babu lambar shafi, in sun hargitse ya duba ƙasan bayan kowace warƙa. Marubucin ya rubuta kalma ɗaya a can gefe, ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye, kuma da ita ake mai da littafin jerinsa.